Gyaran da Na Yi wa Yahuza

Ni na koyar da Yahuza. Ina so a fara riƙe wannan kafin a ji sauran. Shekara uku yana zama a benci na biyu a ajina, a kwalejin ilimin da nake koyarwa can gida, kuma ni na sa hannu a takardar da ya nemi gurbin karatu da ita a nan Malesiya. Ranar da ya sauka Kuala Lumpur ni na je filin jirgi na ɗauko shi, da jakarsa ɗaure da igiya. Sati uku ya yi a falona a unguwar Taman Melati yana cin tuwon matata Indo kafin ya sami ɗaki a Cheras. Ni na nuna masa yadda ake shiga jirgin LRT, ni na gaya masa in an ce "makan" abinci ake nufi. To wannan yaron ne aka wayi gari ana ce mini in je in koyi aiki a wajensa.

Malama ɗaya ce ke duba bincikenmu na digirin dakta, Farfesa Zaiton, wata 'yar ƙaramar mata mai tabarau da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Ni ina shekara ta huɗu, shi yana ta farko. Kowace Laraba takan tara ɗalibanta, kowa ya haska silaid ɗinsa a majigi ya faɗi inda aka kwana. Ni dai yadda na saba, kuma yadda na ga manya suna yi, shi ne ka cika shafi. Ilimi ai ba a ɓoye shi. Bincikena a kan asarar tumatir ne, tun daga gonakin Kadawa har kasuwannin kudu, kuma duk abin da na sani ina zuba shi a allo: sakin layi huɗu a shafi ɗaya, jadawali mai layi ashirin, kan magana da ja, bayani da shuɗi. Sai in juya in karanta musu tiryan-tiryan. Ina lura wasu na latsa waya a ƙarƙashin tebur, na ɗauka rashin tarbiyya ce kawai irin ta yaran zamani.

Ranar da Yahuza ya fara tashi, har na gyara zama don in tausaya masa. Shi a kan rijiyoyin burtsatse da suka lalace a wasu ƙauyukan Jigawa yake aiki. Ya danna, sai ga hoto guda ya cika allo: wata tsohuwa tsaye a gaban famfon da ya bushe, da jarkoki jere a bayanta. Babu rubutu ko harafi ɗaya. Na ce a raina, wayyo, yaro ya manta da aikin a gida. Ya yi shiru ya bar mu muna kallo, sannan ya ce sunanta Iya Talatu, ya faɗi tafiyar da take yi kullum neman ruwa. Ya sake dannawa, sai lamba ɗaya ƙatuwa a tsakiyar farin shafi. Shi ke nan fa. Shafi bakwai ya nuna, bai juya wa mutane baya ko sau ɗaya ba, kuma wallahi babu wanda ya taɓa waya. Ni kaina sai da na ji ina son in san abin da zai fito a gaba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Da ya gama, Farfesa ta cire tabarau ta dube ni. Ni, a gaban yara 'yan Indonesiya da Yaman da na girme su da shekara goma sha biyar.

"Ubaidullah," ta ce da Turanci, "ai ɗan ƙasarku ne. Ka zauna da shi mana, ya nuna maka. Shafi ba littafi ba ne. In zan karanta da kaina, me ya sa zan zo in saurare ka?"

Na yi dariyar yaƙe na ce, "Boleh, Farfesa," wato "to" a yarensu. Amma a bas har gida ban ga komai ba sai fuskar yaron nan yana sunkuyar da kai, wai shi kunya. Kunyar ma haushi ta ba ni. Da ya yi fankama da na sami abin kamawa.

Indo ta ga fuskata tun daga ƙofa. Da na ba ta labari sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"To Baban Afnan, ƙarya ta yi? Ni da ka gwada mini naka rannan, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Kuma da rana tsaka."

"Ke me kika sani a harkar ilimi?"

"Ban san komai ba. Amma na san kishi in na gan shi, ko da ya sa babbar riga."

Na ce mata Allah ya sauwaƙe in yi kishi da yaron da na yi wa gyaran rubutu da jan biro. Ta ce amin, ta ci gaba da yankan albasa.

Bayan wata biyu aka kawo maganar taro. Za a yi babban taron masana a Osaka ta ƙasar Japan, kuma sashenmu zai tura mutum ɗaya daga kowane rukuni. Wanda ya je, za a buga takardarsa a mujallar taron. Ni kuwa takarda ɗaya bugaggiya ta rage mini kafin a yarda in miƙa kundina, ga hutun karatuna zai ƙare a Disamba, kwaleji ta riga ta aiko wasiƙa sau biyu. A rukuninmu mu biyu muka ba da suna, ni da Yahuza. Aka ce kowa zai yi bayani na minti goma a gaban malamai uku. Kuma minti goman mutanen nan ba irin namu ba ne. Akwai sakatariya da ƙararrawa: ta buga a minti takwas, ta buga a goma, ko kana tsakiyar kalma ne sai ka zauna.

Da na ga sunansa a ƙarƙashin nawa a jikin allon sanarwa, sai raina ya ɓaci. Yaro ko shekara bai cika ba! Ina yake sauri? Na san kuma, tsakanina da Allah, in aka tsayar da mu haka yadda muke, zai kayar da ni warwas.

Ranar Asabar bayan la'asar sai ga shi ya yi sallama, da ledar roti canai, wainar fulawar nan tasu, da ya sayo wa yara. Ya durƙusa ya gaida Indo, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan darduma kamar kullum. Bayan an sha ruwa ya ciro kwamfutarsa.

"Malam, na ce bai kamata in tsaya gaban mutane ba ka sa mini albarka a aikin ba. Ka duba mini, in akwai gyara."

Kun ji fa. Abokin takararsa ya kawo wa aikin. Amma a wajenmu ai ba abin mamaki ba ne; wanda ya koyar da kai ya koyar da kai, ko a ina kuka haɗu.

Na karɓa na duba. Shafi tara ne. Na farko tambaya ce guda, gajeruwa. Na biyu hoton nan na famfo. Sai taswira da ɗigo ja da kore, ja ga rijiyar da ta mutu, kore ga mai rai, ko makaho aka yi wa bayani zai gane. Jadawalinsa da na san ya kai layi arba'in ya mayar da shi sanduna uku kacal. Kan kowane shafi ba suna ba ne irin "Sakamako" ko "Tattaunawa", jimla ce da ke gaya maka abin da ya gano. Ina dannawa ina jin zuciyata na tafasa. Abu ne mai sauƙi, mai kyau, kuma shekara goma sha bakwai ina koyarwa bai taɓa faɗo mini a rai ba. Na so in ce masa madalla. Wallahi kalmar ta zo har bakina.

Abin da ya fito shi ne, "Ina gaisuwa?"

"Na'am, Malam?"

"Ina gaisuwa, Yahuza? Za ka tsaya gaban shugaban tsangaya da manyan farfesoshi ka fara da hoton jarka? Haka aka rene ka? Wannan ba taron Laraba ba ne. Sai ka ambaci kowa da muƙaminsa. Sannan godiya: hukumar da ta ɗauki nauyinka, shugaban makarantarku, masu garin da suka ba ka izini, iyayenka. So kake a ce 'yan Arewa ba su san mutunci ba?"

Ya rubuta a ɗan littafinsa.

Da na ga ya rubuta, sai bakina ya buɗe. Na tambaye shi ina bitar ayyukan magabata, ko shi ya fara bincike a duniya. Na ce masa sanduna uku wasan yara ne, masana jadawali suke so su gani da idonsu, dukansa. Na ce ya sa ma'anar kowace kalma, da tarihin jihar, da yanayin ruwan samanta. Na ce duk abin da zai faɗa ya rubuta shi a shafin, saboda in tsoro ya kama shi ya sami abin karantawa.

"Malam," ya ce a hankali, "minti goma ne fa."

"Ni za ka gaya wa minti goma? Taro nawa ka taɓa halarta? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Ya ɗago ya dube ni, ɗan kallo kaɗan, sannan ya mayar da kansa ƙasa. "Haka ne, Malam. Allah ya ƙara girma."

Muka zauna nan har aka kira magariba. Shafi tara suka koma talatin da ɗaya. Kafin ya tafi na ce ya bar mini tsohon a kwamfutata, wai don in ƙara nazari.

Washegari da safe, bayan yara sun tafi islamiyya, na buɗe nawa shafi arba'in da bakwai a gefe ɗaya, na buɗe tsohon nasa a ɗaya gefen. Na fara yanka. Kai, yankan nan ya yi mini ciwo. Kowane sakin layi sai da na yi masa kallon ban kwana. Na tono wani hoto da na ɗauka a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, kwandunan tumatir sun ruɓe an zubar a bakin titi, wani manomi tsaye ya ɗora hannu a ka. Na sa shi ya cika shafi. Na zaɓi lamba ɗaya na ƙara mata girma. Na mayar da kan kowane shafi jimla. Kafin azahar ina da shafi takwas, kuma ban taɓa fahimtar bincikena kamar ranar ba.

Indo ta zo wucewa da kwandon wanki, ta tsaya a bayana.

"Wannan ai irin na Yahuza ne."

"Ilimi ba na mutum ɗaya ba ne."

"Shi kuma jiya na ji kana ta loda masa kaya kamar jakin kasuwa." Ta sauke kwandon. "Baban Afnan, ka ji tsoron Allah. Yaron nan a hannunka ya ci abinci."

Na daka mata tsawa na ce ta fita harkata. Ta ɗauki kwandonta ta fita baranda. Na ɗauki waya sau biyu zan kira shi in ce ya koma wa na farko. Sau biyun ina tuna Farfesa tana cewa in zauna ya nuna mini, sai in ajiye.

Ranar Talata da ƙarfe goma aka shiga. Ɗakin da sanyin na'ura kamar firji, malamai uku a gaba, Farfesa Zaiton a gefe, ɗalibai a baya, da 'yan uwanmu 'yan Najeriya biyar da suka zo kara. Yahuza aka fara kira. Ya sa farar shadda da hula zanna, ya yi kyau abinsa.

Ya fara gaisuwa. Ya ambaci shugaban tsangaya da mataimakinsa da muƙamansu. Malaman suka yi murmushi, suka gyaɗa kai. Ya shiga godiya. Shafi na uku, na huɗu, murmushin ya fara gajiya. Da ya danna na biyar sai na ga fuskata a allo, ƙatuwa, wani tsohon hoto na ranar yaye ɗalibai, ina sanye da rigar malamai shi yana tsaye a gefena. A ƙasa ya rubuta: malamina, wanda ya duba wannan aiki ya gyara shi. Duk ɗakin aka waiwayo. Na ɗaga hannu kaɗan kamar wani mutumin kirki. Farfesa Zaiton ba ta waiwayo ba.

Daga nan ya juya wa mutane baya ya kama karatu. Tarihin jiha. Ruwan sama. Wane ya ce a shekara kaza, wane ya saɓa masa. Muryarsa ta koma irin tawa, ni kaina na ji. Wani malami ya duba agogo. Na baya suka sunkuya kan wayoyinsu. Da ƙararrawar farko ta buga yana shafi na sha huɗu, ko hanyar binciken bai gama ba. Ya fara gudu, yana dannawa yana haɗiye kalmomi, jadawali mai layi arba'in ya fito ya wuce ba wanda ya ga komai. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga a cikin wannan sanyin. Ƙararrawa ta biyu ta same shi a shafi na ashirin da biyu. Hoton Iya Talatu yana na ashirin da shida, ba a kai gare shi ba.

"Abin da ka gano fa?" in ji ɗaya daga cikin malaman.

"Yana gaba, ranka ya daɗe."

"Lokaci ya ƙare. Mun gode."

Ya tattara takardunsa, ɗaya ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauka. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: a daidai wannan lokacin daɗi na ji. Ɗan daɗi ne mai ɗumi, a nan ƙasan ƙirji, kuma ya kai minti guda kafin ya fara juyewa.

Aka kira ni. Na yi sallama da jimla ɗaya, na danna, kwandunan tumatir suka cika allo. Na yi shiru na bar su suna kallo, kamar yadda na ga ya yi. Na ba su labarin manomin. Ban juya baya ba. A karo na farko a rayuwata na ga idanun mutane a kaina, ba a kan agogo ba, har wani malami ya matso da kujerarsa. Na gama kafin ƙararrawa ta biyu. Aka tafa, 'yan uwanmu na baya har da kabbara a hankali.

Ba su ɗauki minti goma sha biyar suna shawara ba. Ni aka zaɓa.

A bakin ƙofa Farfesa Zaiton ta tsaya ta ce mini, "Barka. Ka koya da sauri." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka kuma koyar da sauri." Ta wuce ba ta jira amsa ba.

Yahuza yana jirana a ƙasan bene. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya sanya alheri, ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Muka hau bas tare zuwa tashar Taman Melati, inda zai kama jirgi. Hadari ya haɗo, zafi ya yi nauyi. Duk hanya ina jira ya ce wani abu, bai ce ba. Shirun ya ishe ni. A gindin matakalar tashar na tsayar da shi, na shiga yi masa irin maganar da manya ke yi in sun rasa ta cewa.

"Ka yi haƙuri, komai rabo ne. Matsalarka sauri ne bai ishe ka ba. Da ka ƙara gwaji a gida..."

"Malam," ya katse ni. Bai taɓa katse ni ba. "Na gwada a gida. Sau shida. Mafi saurin da na yi minti ashirin da uku ne."



"To da ka ga haka, me ya hana ka koma wa na farko?"

"Kai ka ce in canza. A gidanka, a gaban Maman Afnan. In tashi gaban mutane da wanda ka ce bai yi ba, kana zaune kana kallo?" Ya gyara riƙon jakarsa. "Kuma tun ranar Asabar na gane, Malam. Da ka ce in bar maka tsohon."

 Mutane na wuce mu suna hawa matakala, wata mata ta ture ni da lema ban ko motsa ba.

"Hutunka zai ƙare a Disamba, ni ina da sauran shekara biyu. Ai ka fi ni buƙata, ban ji ciwon wannan ba." Sannan ya ce, "Abin da ya yi mini ciwo, da ka ce mini kana so kawai, wallahi da ranar zan je in cire sunana. Da ba sai na tsaya na ji kunya a gaban Farfesa ba."

 Aka ji ƙarar jirgi a sama. Ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba, ya ce in gaida gida, ya hau matakala da sauri.

Na tsaya a wurin da takardar shaidar zaɓen da aka ba ni a hannuna har ruwa ya sauko. Na yi ta neman abin da zan ji haushinsa a kai, ko ɗaya ne, in riƙe zuwa gida. Ban samu ba.